The L Word: tambayoyi da amsoshi akan rabuwa, cin amana da kome a cikin shirin

Waɗannan sune tambayoyin da masu kallon siriz ɗin Turawa suka fi yi akan The L Word, musamman wanda ya shigo daga tsakiya ya rasa gane wacece take tare da wacece, wa ta bar wa, kuma me ya haɗa su faɗa tun farko. Amma fa ku sani zan faɗi yadda kowace soyayya ta ƙare har da waɗanda suka mutu, in baku gama kallo ba kuma bakwa son a ɓata muku labari to ku dakata anan.

Wane irin shiri ne, kuma yaushe aka yi shi?

Shiri ne mai dogon zango na ƙasar Amurka, tashar Showtime ce ta haska shi daga Janairun 2004 zuwa Maris ɗin 2009, zango 6, kashi 70. Ilene Chaiken ce kan gaba a waɗanda suka ƙirƙire shi. Labarin wasu ƙawaye ne, yawancinsu 'yan maɗigo, mazauna West Hollywood a yankin Los Angeles, duk da dai mafi yawan ɗaukar a Vancouver ta Kanada aka yi. A Disambar 2019 aka dawo da shi da sunan Generation Q, shi kuma yayi zango 3 kafin a tsayar da shi a 2023.

Na manya ne fa, akwai tsiraici da shaye-shaye da ashar sosai, ba abin kunnawa a falo yara na zaune bane. Rayuwar da yake nunawa ta can ce, da dokokinsu da al'adarsu.

Me yasa rabuwa tayi yawa haka a ciki, kamar babu wadda take iya zama da wata?

Wani ɓangaren dai marubuta ne, sun san in kowa na zaman lafiya babu abin kallo. Amma akwai dalili a cikin labarin kansa. Mutanen nan 'yan kaɗan ne kuma duk sun san juna, kullum da safe a gidan shan kofi ɗaya suke haɗuwa, The Planet, wanda Marina ke da shi da farko daga baya ya koma hannun Kit yayar Bette. Kin rabu da mace jiya da daddare, yau da safe ga ta a teburin da kike zama, ƙawarki ƙawarta ce, wataƙila ma sabuwar budurwarta tsohuwar budurwar aminiyarki ce. Babu inda za a gudu a je a huce.

Alice, ɗaya daga cikin ƙawayen, har allo ne da ita a gida inda take rubuta sunaye tana jan layi tsakanin duk mutum biyun da suka taɓa yin alaƙa, kuma duk sunan da ka ɗauka in ka bi layi zai kai ka ga kowa, mafi yawan layukan ma a kan Shane suke taruwa. Wannan ne ya bambanta shirin da sauran a wajena, ba'a rabuwa a wuce wajen, dole a ci gaba da ganin juna, a je bikin juna da jinyar juna, shi yasa ciwon baya warkewa da wuri kuma shi yasa kome yayi yawa.

Tsakanin Bette da Tina waye mai laifi?

Wannan musun har yau ba'a gama shi ba. Lokacin da aka fara shirin shekararsu 7 tare, suna neman haihuwa ta hanyar wani mai zane Baƙar fata mai suna Marcus da ya yarda ya basu maniyyi. Bette, wadda Jennifer Beals ta fito a matsayinta, ita ce shugabar wata cibiyar baje kolin zane-zane, mace ce mai ji da kai mai son komai ya tafi yadda ta tsara. Tina kuma ta ajiye aikinta na harkar fim don ta zauna ta ɗauki ciki. Tun a nan matsalar take, ɗaya ce ke kawo kuɗi kuma ita ce ke yanke hukunci, ɗayar kullum sai dai ta ce to.

Sai cikin ya zube. Abinda ya biyo baya shine ya fi taɓa ni a duk zangon farko, don babu wadda ta yi wa ɗaya ihu, shiru kawai suka yi. Tina ta tsunduma aikin sa kai, Bette tana fama da masu zanga-zangar da suka taso wa baje kolinta a gaba kuma bata ga wajen da zata yi nata kukan ba tunda ita ce kullum mai ƙarfin. A haka ta faɗa hannun Candace, kafinta da aka ɗauka aikin shirya wajen. Tina ta gane ne ranar buɗe taron, daga nesa ta hango yadda suke taɓa hannu da yadda suke kallon juna, bata buƙaci kowa ya faɗa mata ba. Faɗan da suka yi a gida daren nan yana da wuyar kallo, har da duka da kokawa. Bayan nan Tina ta tafi gidan Alice ta ɗauki alƙalami da hannunta ta haɗa sunan Bette da na Candace a allon.

To laifin cin amana na Bette ne, wannan babu musu, kuma bana son yadda wasu masoyanta suke neman wanke ta da cewa wai tana cikin damuwa. Tina ma ai tana cikin damuwar. Amma Tina itama ba ƙanwar lasa bace. A zango na 2 an gano ta sake ɗaukar ciki bata faɗa wa Bette ba, ta ɓoye shi wata da watanni, sannan ta fara soyayya da Helena Peabody, attajirar da ke riƙe da gidauniyar da Bette take neman tallafi a wajenta. A zango na 3 kuma abin ya juye, tun ƙarshen zango na 2 an kori Bette daga aiki, Tina ce ke kawo kuɗi, kuma sai ta fara yi wa Bette irin gorin da a da ita take sha, daga ƙarshe ta bar ta ta koma wajen namiji, Henry. Kowacce da ta samu iko a hannunta sai da ta taka ɗayar, abinda nake gani kenan.

Me yasa maganar 'yarsu Angelica ta zama rikici har da lauyoyi?

Saboda a lokacin doka bata ɗauke su ma'aurata ba. Tina ce ta haifi yarinyar a ƙarshen zango na 2, ita Bette in tana son doka ta san da ita a matsayin uwa sai ta bi hanyar ɗaukar riƙo, da jami'ar walwala mai zuwa gida tana duba komai tana tambayoyi. Ana cikin haka suka ɓata, Tina ta fara ja da baya akan takardun tana tunanin rayuwa da Henry. Ma'ana Bette zata iya wayar gari bata da hurumin ko ganin yarinyar da take raino tun ranar haihuwa. Ga kuma maganar launin fata, Bette ruwa biyu ce, babanta Baƙar fata, shi yasa ma aka zaɓi Marcus, kuma tana tsoron yarinyar ta tashi a gidan Turawa zalla bata san rabin asalinta ba.

Shine a ƙarshen zango na 3 Bette ta ɗauke Angelica a mota ta gudu da ita. Ba daidai tayi ba, amma wanda ya bi labarin ya san tura ce ta kai bango. A Amurka sai a Yunin 2015 kotun ƙoli ta halasta irin wannan auren a duk faɗin ƙasar, shekara 6 bayan an gama shirin na asali, don haka tsoron Bette ba ƙirƙirar marubuta bane kawai.

Jodi fa, an yi mata adalci?

A'a. Jodi Lerner mai sassaƙa ce kuma kurma, Marlee Matlin ce ta fito a matsayinta, wadda itama kurma ce a zahiri. Sun haɗu a zango na 4 lokacin Bette ta zama shugabar tsangayar zane a jami'a, Bette har ta koyi maganar hannu saboda ita. Jodi bata ɗaukar raini, bata barin Bette ta juya ta, kuma da farko hakan ne ya ja hankalin Bette ɗin. Amma a zango na 5 Bette ta koma wa Tina a ɓoye tana tare da Jodi, wato dai abinda tayi wa Tina da Candace shi ta maimaita, sai dai wannan karon masu kallo da yawa murna suke yi don suna son tsohuwar zuma ta dawo. Jodi ta rama ta hanyar sana'arta, ta haɗa hotunan bidiyon Bette da kalamanta ta haska su a gaban taron jama'a. Daga nan aka maida ita kamar muguwa a zango na 6, kuma ni ban yarda da wannan ba, macen da aka yaudara tana da damar yin fushi.

Me yasa Shane ta gudu ranar aurenta da Carmen?

Shane mai gyaran gashi ce, ta tashi a hannun masu riƙo daban-daban babu uwa babu uba a kusa, kuma tun farko ta faɗa wa kowa ita bata yin soyayya mai ɗorewa. Carmen mai saka kiɗa a wajen biki ce, 'yar gidan 'yan asalin Meziko masu yawa masu son juna, irin gidan da Shane bata taɓa samu ba. Sun riga sun sha rikici kafin maganar aure, Shane ta koma wa tsohuwar masoyiyarta Cherie Jaffe sau ɗaya, Carmen itama ta rama. Kuma neman auren ma a cikin makoki aka yi shi, bayan rasuwar Dana, lokacin da kowa a cikinsu yake neman abin riƙewa.

An shirya bikin a Whistler ta Kanada saboda a duk faɗin ƙasar doka ta yarda da irin wannan auren tun 2005, Helena ce ta ɗauki nauyin komai har ta ɗauko dangin Carmen, har da mamanta wadda da farko ta juya mata baya. Sai ga mahaifin Shane, Gabriel, wanda bata daɗe da saninsa ba kuma ta fara yarda cewa ya shiryu ya zama mutumin kirki mai iyali. Daren bikin ta gan shi da wata mace daban, ya karɓi kuɗi a hannun Helena zai gudu ya bar matarsa da ɗansa, kuma ya nuna mata cewa ita da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Shane ta yarda da maganarsa. Carmen na tsaye cikin farar riga gaban mutane Alice ce ta zo ta faɗa mata ba za'a yi ba.

Wasu suna cewa gara da ta gudu tun kafin a ɗaura da ace ta cuce ta daga baya. Ni dai abinda ban yafe mata ba shine aike da tayi, ko ba komai Carmen ta cancanci ta ji daga bakinta. Daga wannan zangon Sarah Shahi ta bar shirin, labarin Carmen ya tsaya a nan.

To ta canza daga baya?

Ta gwada. Da aka bar mata ƙaninta Shay a zango na 4 ta riƙe shi tsakani da Allah har uban ya dawo ya ɗauke shi. Amma soyayyarta da Paige ma haka ta ƙare, da Molly ma haka, duk da ita Molly da sa hannun mamanta Phyllis wadda ta je ta faɗa wa Shane cewa bata dace da 'yarta ba. A Generation Q ma aurenta da Quiara ya mutu, sannan ta ci amanar Tess. Hali zanen dutse.

Alice da Dana: me ya raba su, kuma me yasa mutane har yau suke jin haushi?

Su biyun aminai ne kafin komai. Dana 'yar wasan tanis ce da ta daɗe tana ɓoye kanta saboda iyayenta masu ra'ayin riƙau da kuma kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta. A zango na 2 tana da baiko da Tonya suka fara soyayya da Alice a ɓoye, kuma gaskiya wannan shine lokacin da shirin ya fi daɗi, mutum biyu da suka san sirrin juna da wautar juna tun kafin su fara. Sai aka buɗe zango na 3 kawai aka tarar Dana ta koma wajen Lara, mai dafa abincin da ta fara so a zangon farko. Ba'a ma nuna mana rabuwar yadda ya kamata ba.

Yadda Alice ta shiga bayan nan an yi shi kamar abin dariya, tana bin Dana a mota, ta ajiye hotonta na kwali mai tsayin mutum a ɗaki, tana ta haɗiyar ƙwayoyin rage damuwa, tana zuba surutu akanta a shirinta na rediyo. Amma duk wanda aka taɓa bari ba tare da bayani ba ya san ba abin dariya bane.

Sai aka gano Dana tana da kansar mama. Ciwon ya sa ta zama mai faɗa, ta kori Lara, kuma Alice ɗin da aka yasar ita ce ta dawo ta zauna da ita a asibiti dare da rana. Ranar da zata rasu Alice ta ɗan fita ne kawai ta sha iska, ta tsaya ta sayo mata wani furen roba mai waƙa, kafin ta dawo rai yayi halinsa babu kowa nata a ɗakin. Ta zube a barandar asibitin furen yana ta waƙarsa a hannunta. A wajen jana'iza iyayen Dana suka yi kamar ƙawayen basu da wani matsayi a rayuwarta, shine Alice ta ɗebo wani abu daga tokar gawar suka je suka watsa a wani magangarar ruwa da Dana take so. Wannan a 2006 ne, kuma ita kanta Ilene Chaiken daga baya ta ce tayi nadamar kashe Dana. A Generation Q Shane ta buɗe mashaya ta saka mata sunan Dana.

Ita kuma Tasha me ya hana su zama da Alice?

Nan doka ce ta fara shiga tsakani. Tasha soja ce da tayi aiki a Iraƙi, kuma a lokacin sojan Amurka na ƙarƙashin dokar nan ta kar a tambaye ka kar ka faɗa, wadda in aka tabbatar kana neman jinsinka za'a sallame ka, sai a Satumbar 2011 aka soke ta. Alice kuma 'yar jarida ce mai baki, komai nata a fili. A zango na 5 aka gurfanar da Tasha gaban kwamitin bincike, kuma a daidai lokacin da take dab da tsira ta zaɓi ta faɗi gaskiya da bakinta cewa tana son Alice, ta rasa kakinta.

Abin tausayin shine bayan wannan babbar sadaukarwa sai ƙananan abubuwa suka cinye su, kuɗin haya, irin gidan da za'a zauna, Alice na samun ɗaukaka a talabijin ita kuma Tasha na neman aikin yi, ra'ayinsu akan yaƙi ma ba ɗaya ba. Sai Jamie ta shigo a zango na 6 a matsayin ƙawarsu su biyu, abin ya ƙara dagulewa.

Jenny muguwa ce ko marar lafiya?

Jenny ta zangon farko da ta zangon ƙarshe kamar ba mutum ɗaya ba. Ta zo Los Angeles ne wajen saurayinta Tim mai koyar da ninƙaya, maƙwabcin su Bette, sai ta faɗa son Marina. Tim ya kama su da idonsa, duk da haka suka yi auren gaggawa don a rufe ɓaraka, kuma bai ɗauki lokaci ba ya tafi ya bar ta. Ita Marina ashe tana da tata, Francesca. Tim ne mutum na farko da aka fara cuta a shirin kuma ba'a cika tuna shi ba.

Daga baya an nuna cin zarafin da aka yi wa Jenny tana yarinya da yadda take yankar jikinta, a nan kam tausayi take bani. Amma daga zango na 4 ta rubuta littafi akan sirrin ƙawayenta ta ɗan sauya sunaye, aka maida shi fim, ta zama mai wulaƙanta kowa. Mafi muni shine wasiƙar da Molly ta kawo a ba Shane, Jenny ta karɓa ta ɓoye a saman silin, daga baya ita da Shane suka fara soyayya, Shane bata san an taɓa rubuto mata komai ba sai a kashin ƙarshe.

Wa ya kashe Jenny?

A shirin na asali ba'a faɗa ba. Zango na 6, mai kashi 8 kacal, ya buɗe ne da gawarta a kududdufin wanka na gidan Bette da Tina, aka koma baya ana nuna yadda kowa yake da dalilin jin haushinta, aka rufe ƙawayen na shiga ofishin 'yan sanda. Sai a Generation Q Bette ta faɗa a taƙaice cewa Jenny kashe kanta tayi.

A Generation Q an daidaita ko rikicin ne ya ci gaba?

Ya ci gaba, da sabbin fuskoki. An dawo an tarar Bette da Tina sun yi aure har sun rabu, Kit ta rasu sanadin ƙwaya, Bette na takarar magajin garin Los Angeles wadda bata ci ba, Tina kuma na shirin auren Carrie, wadda Rosie O'Donnell ta fito a matsayinta. Carrie mace ce mai kirki da bata yi wa kowa komai ba, laifinta kawai ta shigo tsakanin mutum biyu da basu gama da juna ba, irin abinda ya samu Jodi.

A ɓangaren matasa kuma Dani da Sophie ne da Finley. Dani 'yar masu kuɗi ce mai aiki ba dare ba rana kuma bata iya buɗe cikinta ba, Sophie na son a zauna a yi magana, da bata samu ba sai ta samu kunnen saurare a wajen Finley abokiyar aikinta. Sophie ta zaɓi Dani amma bata faɗa mata abinda ya faru ba, sai a wajen ɗaurin auren a farkon zango na 2 Finley ta shigo gaban dangi ta fasa ƙwai. In kun lura kusan labarin Bette da Tina ne aka sake, ɓoye-ɓoyen ne yake rusa su fiye da kwanciyar kanta. Alice ma ta gwada zaman mutum uku da Nat da tsohuwar matar Nat ɗin, Gigi, bai je ko'ina ba.

A kashin ƙarshe na zango na 3 Bette da Tina suka sake aure, Tasha kuma dab da ƙarshen zangon ta dawo rayuwar Alice a matsayin ma'aikaciyar kashe gobara. Sauran labaran an bar su a buɗe saboda an soke shirin bayan nan.

In ba zan iya kallon duka ba, wane zango zan kalla?

Na 1 da na 2, sannan na 3 in zuciyarka zata ɗauka. Na 5 yana da daɗi saboda dawowar Bette da Tina da shari'ar Tasha. Na 6 kam ko ka tsallake shi baka rasa wani abu mai yawa ba, kuma kar ka fara da Generation Q, don rabin abinda ke sa tsofaffin masu kallo kuka a cikinsa ba zaka gane dalilinsa ba sai ka san Dana da Kit da Carmen tukuna.